Hanyoyin Tattaki a Kewayen Garin Aburi

Aburi ƙaramin gari ne a kan tsaunukan Akuwapem, cikin Yankin Gabas na ƙasar Gana, kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da birnin Akra, wanda tsofaffin mutanen zango ke kira Ankara. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita 400 ko kusa da haka daga doron teku, shi ya sa iskarsa ta fi ta Akra sanyi, kuma da safe hazo kan lulluɓe shi. Wannan sanyi, da kusancin wurin da birni, su suka mai da kewayensa wurin tattaki na iyalai, har da na unguwannin Nima, Mamobi, Fadama da Madina da ke Akra da kewaye, musamman ranakun Asabar da Lahadi da kwanakin yawon Sallah.

Hanyoyin iri uku ne, nauyinsu kuma ba ɗaya ba: na cikin lambun gwamnati, da hawan kwalta daga Ayi Mensa zuwa Peduwase, sai turakun gona da ke haɗa ƙauyuka. Galibin na ukun ba masu yawon buɗe ido aka yi wa su ba. Turba ce ta manoma wadda ƙafa ta tattake tun kaka da kakanni, babu allo, babu lamba.

Tarihin garin

Ƙasar Akuwapem ta kafu ne bayan faɗuwar daular Akwamu a 1730, fadarta kuma tana Akropong, gaba da Aburi a kan doron tsaunin. Sarkin Aburi shi ke riƙe da sarautar Adontenhene, ɗaya daga manyan hakiman masarautar. Turawan mishan na Basel sun hau tsaunin ne don gudun zazzaɓin da ke kashe su a bakin teku. Ɗaya daga cikinsu, Andreas Riis, ya zauna a Akropong a 1835, aka buɗe makarantar horon malamai a can a 1848. Sawunsu yana nan har yau a gine-ginen dutse masu baranda ta katako da ake gani a garuruwan tsaunin.

Turawan mulki su ma sanyin ne ya ja su. A 1875 suka gina gidan jinya da hutu na ma'aikatansu a Aburi, a filin nan ne kuma aka buɗe lambun tsirrai a watan Maris na 1890, ƙarƙashin William Crowther, wanda ya samu horo a lambun Kew na Ingila. Ɗan Najeriya kuwa ya fi sanin sunan garin ta wata fuskar: nan aka yi zaman sulhu na ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 tsakanin Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu, bisa gayyatar Janar Joseph Ankrah, shugaban Gana na lokacin, watanni shida kafin yaƙin basasa ya ɓarke.

Lambun Aburi

Faɗin lambun ya kai hekta 65, amma wani sashe ne kawai aka gyara. Sauran kurmi ne. Daga ƙofa ana shiga ta wata doguwar hanya da bishiyoyin kwakwar ado suka yi wa layi dama da hagu, dogaye sambal, farare kamar ginshiƙan masallaci. Babu iyalin da ke wucewa ba su tsaya ɗaukar hoto a nan ba. Daga ƙarshenta hanyoyi suka rarrabu zuwa filayen ciyawa, mafi yawansu shimfiɗaɗɗu ne, tsohuwa mai sanda da yaro ɗan shekara uku duk za su iya, in dai ba a yi gaggawa ba. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa a zagaya.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne wani ƙaton rimi da ya rage daga dajin asali, ya girmi lambun kansa. Saiwoyinsa sun fito waje kamar bangaye, yara kan ɓuya a tsakaninsu. Bahaushen da ya san rimin arewa zai gane itacen nan take, sai dai ruwan kurmi ya ba wannan girman da na Kano ko Zariya ba kasafai ke kaiwa ba. Akwai kuma sashen kayan ƙamshi, inda masu rakiya kan murtsuke ganye ko su kankare ɓawo su miƙa wa baƙo ya shinshina. Matan da suka shekara suna sayen kirfa da gyaɗar ƙamshi a kasuwar Nima sau da yawa nan suke fara ganin itatuwan da suke fitowa. Wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka yasar a cikin ciyawa ya zama abin wasan yara, ko da yake ƙarfensa ya yi tsatsa, ya kamata babba ya tsaya kusa.

Ana biyan kuɗin shiga. Iyalai kan zo da tabarma da kuloli na wake da shinkafa, su baje a inuwa, masu salla su ware gefe da butarsu idan azahar ta yi.

Hawan Ayi Mensa zuwa Peduwase

Wannan ita ce hanyar da ta fi suna, kuma ita ce ta fi rashin dacewa da ƙananan yara. Tana farawa daga gindin tsauni, wajen tsohuwar tashar karɓar kuɗin hanya ta Ayi Mensa, ta bi gefen kwalta tana murɗawa har Peduwase, inda gidan hutun shugaban ƙasa yake, wanda aka gina zamanin Kwame Nkrumah. Tun bayan asuba ranar Asabar jama'a ke cika ta: ƙungiyoyin motsa jiki, matasa, dattawan da likita ya ce su rage ƙiba. A sama ana samun masu sayar da ruwan kwakwa da abarba yankakkiya, ga filin Akra shimfiɗe a ƙasa har iya ganin ido.

Matsalarta mota. Babbar hanya ce, tana da kwana-kwana, kuma duwatsu sun sha gangarowa daga jikin tsaunin, abin da ya sa aka lulluɓe wasu sassa da ragar ƙarfe. Ga samari da 'yan mata da suka tasa hawa ne mai daɗi, amma mai goyo ko mai jan yara biyu gara ya wuce da mota zuwa sama.

Turakun gona

Daga Aburi garuruwa suna jere a kan doron tsaunin kamar ƙwayoyin carbi: Ahwerase, Obosomase, Tutu, Mampong, Amanokrom, Mamfe, sannan Akropong. Daga kowannensu turaku na sauka kwari zuwa gonakin rogo, gwaza, ayaba da kwakwar manja. Kusa da Obosomase wata turba tana kaiwa ga ruwan Adom mai zubowa daga dutse. Saukar ba ta da nisa sosai, dawowar ce ke sa haki. Da rani ruwan kan ragu ƙwarai.

A Mampong, 'yan kilomitoci gaba da Aburi, gonar Tetteh Quarshie take. Maƙeri ne ɗan ƙabilar Ga wanda ya dawo daga tsibirin Fernando Po da irin koko, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, ba kokon karin kumallo da ƙosai ba, ya shuka a nan a 1879. Daga irin waɗannan ƙananan gonaki, da irin da lambun Aburi ya riƙa raba wa manoma, noman ya bazu, har zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Kafin mota da jirgin ƙasa, a ka ake sauko da shi zuwa bakin teku, ko a mirgina shi cikin ganguna. Wato turakun da ake bi yau don shan iska, wasunsu hanyoyin 'yan dako ne a da. Gonar ƙarama ce, a fili take, kuma yaro kan ga abin da bai zata ba: 'ya'yan koko a jikin kututture suke fitowa, a fasa masa ɗaya ya tsotsi farin naman mai zaƙi da ɗan tsami.

Tunda gonakin masu su ne, al'ada ita ce a gai da duk wanda aka tarar, a nemi izini kafin a ratsa, kada kuma a tsinki komai. Harshen wurin Tuwi ne na Akuwapem, wanda yawancin 'yan zango ke ji. Ɗaukar ɗan gari ya yi jagora ya fi, domin turba kan rabu uku a cikin gona ɗaya. Wasu kurmi da rafuka suna da tsarki a wajen mutanen ƙasar, ba a shigarsu sai da yardar masu gari.

Lokaci da zuwa

Damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin tsaunin kan yi kore shar, ruwan duwatsu ya cika, amma jar ƙasar tana santsi, silifa ba ta riƙe ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, turaku sun bushe, sai dai ƙura kan rufe hangen birnin. Wajen Satumba da Oktoba garuruwan ke bikin Odwira, wanda ake dangantawa da nasarar da aka yi a kan Asante a yaƙin Katamanso na 1826. Kafin bikin akan hana kiɗa da hayaniya na wasu makonni, baƙo mai lasifika ya kiyaye.

Daga tashar Madina ƙananan motocin haya da ake kira trotro suna hawa Aburi kullum, ta Adenta da Oyarifa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba idan hanya ta buɗe, amma yammacin Lahadi cunkoson masu komawa gida kan ninka ta. A bakin garin akwai rumfunan masassaƙa, inda ake sassaƙa ganguna da kujerun gargajiya a gaban mai saye.