Mene ne tumbatsar rubutu, kuma me ke jawo ta a takardun da manhaja ke cikewa da kanta?

Tumbatsar rubutu ita ce rubutu ya yi wa akwatin da aka tanadar masa yawa, kamar yadda ruwa ke cika randa ya rasa wurin zama. A manhajar InDesign ta kamfanin Adobe, sunan da ake gani shi ne Overset Text, alamarta kuwa ɗan jan gicciye ne a kusurwar dama ta ƙasan akwatin. Idan a cikin jadawali ne, jan ɗigo ake gani a gurbin da ya cika. Rubutun bai goge ba, yana nan, sai dai ba zai fito a takarda ba. Nan haɗarin yake: PDF ɗin da aka kai maɗaba'a zai fito tsaf, ba jan gicciye, ba wata alama, alhali rabin sunan mutum ya yi ɓatan dabo.

Mai tsara shafi da hannu yakan gani ya gyara nan take. Matsalar tana girma ne inda aka yi zubi guda ɗaya, aka bar manhaja ta riƙa ɗebo bayanai daga Excel tana cikewa, kamar katin shaidar ɗalibai, takardar kammala karatu, ko jerin farashin kaya. Data Merge, wato sashen InDesign da ke wannan cikewar, na iya fitar da kati 800 cikin 'yan mintuna, kuma ba mai bin su ɗaya bayan ɗaya. Galibi an auna akwatin ne da gajeren suna irin Ali Musa. Ranar da suna mai kashi huɗu ya zo, da Abdurrahman a gaba, sai layi ya karye gida biyu, na biyun ya shige inda ba a gani.

Lissafin ba wuya. Inci ɗaya poyin 72 ne, wato milimita 25.4. Harafi mai girman poyin 12, idan an bar tazarar layi yadda manhaja ta saba sawa, kashi 120 cikin ɗari, kowane layi zai ci poyin 14.4, kusan milimita 5. Layi uku ke nan suna neman wajen milimita 15. Katin shaida kuwa duka-duka faɗinsa milimita 85.6 ne, tsayinsa kusan 54, ga hoto ga tambari. Idan akwatin adireshi milimita 10 ne, har an ba shi 'yar tazara ta ciki sama da ƙasa, layi na uku ba shi da wurin zama ko kaɗan.

Sai dai ba kullum yawan rubutu ne sanadi ba, kuma wannan ne ke cinye wa mutane lokaci. Wani sa'in akwatin fili ne fetal, amma rubutun ya ɓace gaba ɗaya. A irin haka a fara duba ko an sa wa sakin layin No Break, wadda ke hana layi karyewa. Idan jimlar ta fi faɗin akwatin, dukkanta za ta ɓuya, kuma ƙara tsayi ba zai yi magani ba. Haka ma doguwar kalma ɗaya, kamar adireshin intanet, a siririn akwati da aka hana raba kalmomi. Sai a danna Ctrl+Alt+I don ganin ɓoyayyun alamomi. Maɓallin Enter na ɓangaren lambobi, can dama da allon rubutu, ba sabon sakin layi yake buɗewa ba, tura rubutu yake zuwa ginshiƙi na gaba, idan kuma babu na gaban sai rubutun ya tumbatsa. Akwai kuma hoton da aka umarci rubutu ya kewaye shi, wanda ke iya ture rubutun akwatin da ke kusa da shi, da Keep Options da ke cewa sakin layi ya fara a sabon shafi. A jadawali, a duba tsayin jeri: idan Exactly aka zaɓa, gurbin ba zai buɗe ba, At Least ce ke barinsa ya girma.

Masu buga Hausa suna da tasu ƙarin wahalar ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ga masu bin rubutun Nijar. Idan aka adana bayanan da tsarin da ba Unicode ba (Unicode shi ne tsarin adana rubutu da ke ɗauke da haruffan harsuna daban-daban, har da namu), ko aka shigo da su a kan kuskure, harafi ɗaya kan koma alamar tambaya ko tarkacen alamomi biyu, kalma ta ƙara tsawo. Mafita ita ce a adana daga Excel a matsayin Unicode Text, a kuma zaɓi Unicode lokacin shigowa. Sannan idan an buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da nau'in harafin da aka yi zubi da shi, InDesign za ta sa wani a madadinsa ta shafa masa ruwan hoda, faɗin haruffa ya canja, layuka su motsa. Charis SIL da Noto Sans suna ɗauke da haruffanmu duka.

Don gano inda aka tumbatsa, a buɗe Preflight, wanda ke lissafo kowane akwati da lambar shafinsa. Ctrl+Y kuma na buɗe rubutun tsurarsa, a ga jan layi gefen abin da ya ɓuya, a san ko kalma biyu ce ko sakin layi guda. A Data Merge akwai zaɓin fitar da rahoton tumbatsa yayin haɗa takardun, kuma bai kamata a taɓa kashe shi ba.

Gyaran da ya fi ƙarko a zubin asali ake yin sa, ba a kati na 412 ba, domin da an sake haɗawa gyaran hannu ya tafi. Kafin komai, a yi amfani da LEN a Excel a ƙirga haruffan kowane suna, a jera daga mafi tsawo, a gwada zubin da goma na sama. Daga nan a danna Ctrl+B a kunna Auto-Size, wanda ya shigo tun CS6 a 2012, a zaɓi tsayi kaɗai, a kafe akwatin daga sama don ya riƙa buɗewa ƙasa. Amma a bar masa fili, in ba haka ba zai hau kan abin da ke ƙarƙashinsa, shi kuwa wannan ba jan gicciyen da zai nuna. A dogon rubutu kamar rahoto, Smart Text Reflow ke ƙara shafuka da kanta.

Rage girman harafi shi ya kamata ya zama na ƙarshe. Gara a ware gajerun sunaye da dogaye gida biyu a Excel, a yi wa dogayen zubi na daban mai layi biyu, da a matse sunan mutum zuwa poyin 6 a kan takardar da zai riƙe shekara da shekaru.