Taurin da ƙoda: yadda jiki ke sanin ruwa ya isa

Tambaya: Mene ne taurin?

Amsa: Sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, dangin sinadaran da ke gina furotin. Masana biyu 'yan Jamus, Friedrich Tiedemann da Leopold Gmelin, su ne suka fara ware shi daga ruwan maɗaciyar sa a shekarar 1827. Sunan daga kalmar Latin mai nufin bijimi aka samo shi, ba shi da haɗi da kalmarmu ta tauri. Hanta na haɗa shi, ana kuma samunsa a nama da kifi. A hatsi da ganye kusan babu shi.

Tambaya: To me ya haɗa shi da ƙoda?

Amsa: A yini guda ƙoda tana tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, amma abin da ke fita a fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, sauran duk tana mayar wa jiki. Don ta iya haka, can cikin tsakiyarta gishiri ya yi kauri ƙwarai, har da zai iya zuƙe ruwan ƙwayoyin halittar wurin su motse. Sai ƙwayoyin su tara taurin da wasu sinadarai irinsa a cikinsu, su riƙe ruwansu. Ƙodar ce kuma ke kula da yawan taurin a jiki: in ya yi ƙaranci ta mayar da shi jini, in ya yi yawa ta zubar.

Tambaya: Ina homon, wato sinadarin da ke kai saƙo tsakanin sassan jiki ta cikin jini, ya shigo?

Amsa: Nan ne abin ya fi burge ni. Mai azumi a watan zafi ya san yadda fitsari ke raguwa, ya yi ja da la'asar. Aikin homon basofiresin ke nan. A ƙwaƙwalwa ake yin sa, a sashen haifotalamus, ya sauko ta fituwitari, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya umarci ƙoda ta tsuke bakin aljihu. Amma idan aka sha ruwa, wa zai ce masa ya dakata? Binciken da Nicolas Hussy da abokan aikinsa suka yi kan ɓeraye a Montpellier ta Faransa, a ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa idan jini ya tsinke da ruwa, ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu yin basofiresin sukan kumbura su saki taurin. Shi kuma sai ya lafar da jijiyoyin, homon ya ragu, fitsari ya ƙaru. Wato taurin birki ne.

A gwajin dabbobi an kuma ga yana rage kaifin anjiyotensin, homon da ke matse hanyoyin jini ya sa jiki riƙe gishiri.

Tambaya: Ke nan yana maganin hawan jini?

Amsa: Wani gwaji a ƙasar Sin, da aka wallafa a 2016, an ba mutanen da jininsu ya fara hawa taurin giram 1.6 kullum na mako 12, jinin ya ɗan sauka. Ƙaramin gwaji ne. Kada kowa ya ajiye maganin likita saboda shi.

Tambaya: Lemun ƙarin kuzari fa, tunda akwai taurin a ciki?

Amsa: Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da taurin miligiram 1,000, amma tare da sinadarin kafin (caffeine, irin na cikin kofi) miligiram 80 da sukari mai yawa. Kafin ɗin ne ke hana barci, kuma yana ɗan ɗaga hawan jini. Wanda ya yini a rana yana gumi, ruwa jikinsa ke nema.

Wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai ciwon ƙoda. Tunda ita ce ke fitar da rarar taurin, idan ta gaza sai ya taru a jini, an kuma ga masu wankin ƙoda da aka ba su shi suka kamu da jiri. Mai irin wannan larura kada ya sha ƙwayar taurin ko waɗannan lemuka sai da izinin likitansa.