Cikakken furotin: abin da ake nufi da shi a darasin abinci da gina jiki

Ɗaliban sakandare da ke darasin abinci da gina jiki sukan haddace cewa furotin na cikin nama, kifi, ƙwai da wake. Inda suke tuntuɓe shi ne idan aka tambaye su dalilin da ya sa ake kiran na ƙwai cikakke, na gero kuma ragagge.

Furotin haɗuwa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, guda 20. Jiki na iya ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa dole sai daga abinci. Duk abincin da ya ƙunshi waɗannan 9 gwargwadon buƙatar jiki, shi ake cewa yana da cikakken furotin. Ƙwai, nono, nama da kifi duk suna nan, waken suya ma ya kusa da su. Gero, dawa, masara da shinkafa suna da ƙarancin wanda ake kira laisin. Wake yana da laisin da yawa, amma yana da ƙarancin wani daga cikin 9 ɗin da ake kira metiyonin, shi kuma hatsi yana da shi. Idan guda ɗaya ya gaza, jiki ba ya iya gina tsoka da ragowar yadda ya kamata, kamar mai gini ne da bulo ya wadata amma siminti ya yanke masa.

Don haka ake haɗa hatsi da wake, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Koko da ƙosai, shinkafa da wake, alale da kunu duk wannan haɗin ne. A fura da nono, nonon ne ke kawo laisin ɗin da gero ya rasa. Ba dole ba ne a ci su a kwano ɗaya, cikin yini guda ya wadatar.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe ƙiyasi. A gram 100 na busasshen abu, wake na da furotin kusan gram 23, waken suya kusan 36, gero kusan 11, shinkafa kusan 7, garin rogo bai kai 2 ba. Ƙwai ɗaya na ba da kusan gram 6. Babban mutum mai nauyin kilo 60 na buƙatar kimanin gram 48 a rana.

A ɗakin girki na makaranta, gwajin da ya fi sauƙi shi ne shinkafa da wake: gwangwani 2 na shinkafa, gwangwani 1 na wake. A tsince waken, a jiƙa shi awa 6 zuwa 8, a zubar da ruwan, a ɗora shi shi kaɗai har ya fara laushi, sannan a zuba shinkafa. Wanda ya zuba su tare, shinkafar za ta caɓe alhali waken na da ƙarfi. A nan ne hannu ke saurin kai wa ga kanwa. Kanwa na sa wake ya nuna da wuri, amma tana lalata bitamin B1, shi ya sa jiƙon ya fi.

Ɗanwake ma akwai lura. Idan garin rogo ya rinjayi garin wake, ciki zai cika amma furotin ɗin kaɗan ne. Haka kunun gyaɗa: mutane da yawa na ɗauka gyaɗa na yin aikin wake, alhali ita ma laisin ɗinta bai taka kara ya karya ba. A zuba masa madara ko nono, ko a sha da ƙosai.

Garin kunun yara da aka sani da Tom Brown shi ne inda wannan ilimi ya fi amfani, kuma ya cancanci malami ya ba shi darasi guda cur. Awon da aka saba shi ne mudu 6 na hatsi, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. Ana jiƙa waken suyan, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, a soya kowane abu daban kafin a haɗa a niƙa. Suyar ce ke buƙatar ido. Ɗanyen waken suya na da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, wuta ce ke kashe shi; idan bai soyu ba kunun zai yi ƙarni, ya kumbura wa yaro ciki. Idan kuma aka bari ya yi baƙi, laisin ɗin da ake nema ya lalace. Launin ruwan ƙasa mai haske ake so. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a tsince ta a zubar tun kafin suya, domin dafin da ke cikinta na cutar da hanta, kuma zafin kasko ba ya kawar da shi.