Tosta ta lalace kafin wata uku: me doka ta ce tsakaninka da mai shago?

Wata maƙwabciyata a unguwar Agege da ke Legas ta sayi tosta don ta riƙa gasa wa yara burodi kafin su tafi makaranta. Sati biyar kacal ta yi, gefe ɗaya ya daina ɗaukar zafi. Maigidanta ya mayar da ita shagon, mai shago ya nuna masa wani layi a ƙasan rasit da ke cewa kayan da suka fita ba sa dawowa. Maigidan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya dawo gida da matacciyar na'ura. Abin ya tsaya mini a rai, domin wannan layin da aka rufe masa baki da shi ba shi da ƙarfin komai a gaban doka.

Dokar da nake nufi ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu sayen kaya. Hukuncinta ɗaya ne a kan babban kanti a Ikeja da kan ɗan shago a kasuwar Alaba.

Sashe na 131 shi ne zuciyar maganar. Ya ce duk kayan da aka sayar maka dole su yi aikin da aka san su da shi, su zama lafiyayyu babu aibi, su cika ƙa'idar hukumomin da ke kula da irinsu, kuma su yi ƙarko na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka idan an yi amfani da su yadda aka saba. Wato ƙarko ba alfarma ba ne da mai shago yake yi maka. Sashe na 132 ya ɗora da cewa idan kaya suka gaza cika waɗannan sharuɗɗa, kana da wata uku daga ranar da suka shigo hannunka ka mayar da su, ba tara, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take. Shi kuma ɗaya cikin uku zai yi: ya gyara, ya musanya, ko ya dawo da kuɗinka. Wannan garanti ne da doka da kanta ta liƙa wa cinikin, ko an ba ka katin garanti ko ba a ba ka ba, kuma dokar ta hana a rubuta sharaɗin da zai ƙwace maka shi. Wanda ya yi karatun fikihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa aibin da aka ɓoye a ciniki yana ba mai saye damar mayar da kaya.

Sai dai wata ukun nan ba ta rufe komai ba. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona tostar, ko yaro ya zura cokali yana ƙoƙarin ciro burodin da ya maƙale har ya tsinka siririyar wayar da ke yin ja, ba aibin kaya ba ne, ba kuma za ka ɗora wa mai shago ba. Haka nan mai shayin da ya sayi tostar gida ya sa ta aiki daga asuba har tsakar dare a Obalende. An ƙera ta ne don ƴan mintuna a rana. Amma akwai wata ƙofa da dokar ta bari: idan ka faɗa wa mai sayarwa takamaiman aikin da za ka yi da ita, shi kuma ya ce za ta iya, to kana da haƙƙin ta iya ɗin. Saboda haka, malam mai shayi, faɗi sana'arka tun a bakin ciniki, ka sa ya rubuta a takarda.

Inda muka fi faɗuwa shi ne rasit. Da yawanmu muna ganin neman takarda kamar zargi ne, musamman idan mai shagon ɗan gida ne ko wani ya haɗa mu da shi. Sashe na 118 ya wajabta wa mai sayarwa ya ba da shaidar ciniki a rubuce, da sunan kasuwancinsa da adireshi da kwanan wata da bayanin kayan da farashi. Ka duba an rubuta sunan kamfanin tostar da lambar samfurinta, ba kalmar "tosta" kawai ba. Idan babu kwanan wata, daga ina za a fara ƙirga maka wata ukun?

Tun kafin a kai ga rigima, wata hukumar tana da hannu a ciki, wato SON mai kula da ingancin kaya. Kayan lantarkin da ake shigowa da su sai sun bi tsarinta na tantance inganci mai suna SONCAP kafin su fita daga tashar Apapa ko Tin Can, waɗanda aka ƙera a gida kuwa suna bin nasu tsarin mai suna MANCAP su ɗauki tambarin inganci na NIS. Mai saye ba zai ga takardun tashar ruwa ba, amma zai iya kifa tostar ya karanta abin da ke gindinta. Wutarmu bolt 230 ce, don haka ka nemi wadda aka rubuta wa 220 zuwa 240. Kayan tokumbo daga Amurka na bolt 120 ne, kana jona su kai tsaye za su ƙone. Sashe na 117 ma ya ce kayan da aka taɓa amfani da su ko aka yi wa kwaskwarima dole a sa musu alama a fili, kada a sayar da su da sunan sabbi. Ka duba fulogi mai ƙafa uku da fis a ciki, da waya mai kauri. Ka duba lambar wat, domin yawancin tosta suna jan 700 zuwa 1,500, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janaretan nan na gida. Idan mai ramuka ce, ka tabbata burodin Agege da ka yanka da hannu zai shiga ba tare da ya taɓa wayar ba. Kuma ka ce a jona ta a gabanka, haƙƙinka ne ka duba kaya kafin ka biya.

Idan ta lalace cikin wa'adi, ka fara da mai shagon, da rasit da kwali a hannunka, kada kuma ka bari mai gyara ya kwance ta tukuna, don kada a ce shi ya ɓata ta. In ya ƙi, a nan Legas akwai hukumar jiha ta kare masu sayen kaya mai suna LASCOPA, akwai kuma FCCPC da ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, sannan ƙofar kotu a buɗe take. Maƙwabciyata tana da sauran sati uku a cikin wa'adinta lokacin da na ji labarin, kuma rasit ɗin yana nan a cikin kwalin. Na ce wa maigidanta ya koma.