Gyaran Tsohon Gidan Ƙasa na Gona: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Tun da na gyara gidan gonar da mahaifinmu ya bari, wanda aka gina da tubali da azara tun kafin a haife ni, da wuya in je kasuwa ko taron suna ban haɗu da mai tambaya a kan yaɓe ko gara ko fenti ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, na kuma gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Duk wanda ya gaji irin wannan gida, ya karanta da kyau kafin ya sayi ko buhu ɗaya na siminti.

Tambaya: Malam, ba gara in rushe shi in gina na bulo ba?

Amsa: A'a. Idan bango yana tsaye kuma azara ba ta ruɓe ba, babu dalilin rushewa. Ka kwana ɗaya a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, sannan ka kwana a soro, sai ka dawo mu yi magana.

Tambaya: Wane launin fenti ne ya fi dacewa da zaure?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin mafi yawan masu yin ta ba su taɓa hawa rufin gidan sun duba ba. Mutum indararonsa a toshe yake da ciyawa da kashin tantabaru, ruwan bara ya bar zane a jikin bango tun daga rawani, wato saman bango, har ƙasa, amma launi ne damuwarsa. A ajiye zancen launi tukuna, za mu zo kansa.

Tambaya: To da me zan fara?

Amsa: Da rufi, sannan gindin bango. Ka sa tsani ka hau, ka cire duk ciyawar da ta tsiro, ka cike duk wani kwari da ruwa zai iya kwanciya a ciki, ka tabbata rufin ya karkata zuwa bakin indararo. Indararon kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma jera duwatsu ko fasassun bulo a inda ruwan yake sauka, don kada ya fantsamo ya ci gindin ginin. Daga nan ka bi rariyar tsakar gida ka ga ko tana fitar da ruwa. Gidan ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwan da ya rasa hanya ne.

Tambaya: A wane lokaci ake wannan aiki?

Amsa: Bayan kaka, tun kududdufi bai ƙafe ba, kuma a gama kafin ruwan farko. Wanda ya bari sai watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi nauyi kuma gine-gine suka fi faɗuwa, ya makara.

Tambaya: Na gaji da yaɓen kowace shekara. Zan iya shafe bangon da siminti in huta?

Amsa: A nan sai an yi haƙuri da ni, domin amsar ba ta da gajeriyar hanya, kuma na ga gidajen da simintin ya taimaka, na ga waɗanda ya kashe. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ƙasa da siminti ba su da hali ɗaya. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, yana fitar da ita da rani, yana ɗan kumbura yana ɗan tsukewa. Siminti kuwa da zarar ya bushe ya sandare. Rana ta buga shi, sanyin dare ya buga shi, sai ya yi siririyar tsaga wadda ido ba ya ko lura da ita, kuma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita saboda simintin ya toshe masa hanya, sai ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta yi laushi. Daga waje gida fes, daga ciki kuwa gara tana cin karenta ba babbaka, babu mai ganinta. Ranar da ɓawon simintin zai ɓamɓaro, sau da yawa yakan taho da rabin kaurin bangon.

Duk da haka ba zan ce haramun ne ba. Akwai wuraren da ni kaina na yarda da shi. Na farko, dakali ko ƙaramin madogari a gindin bango ta waje, inda ruwan indararo da dabbobi suka fi yin ɓarna, da sharaɗin ya karkata waje, ba ya tara ruwa a jikin gini ba. Na biyu, fuskar gabas, domin a ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, kuma wannan fuska ce ruwa mai iska ya fi duka, har za ka ga yaɓenta ya riga na sauran zaizayewa. Idan dole sai an sa siminti, to a wannan fuska kaɗai, a bar sauran, musamman ta cikin ɗaki, su riƙa fitar da laima.

Ko a nan ma akwai sharuɗɗa. Bangon ya kasance ya bushe sarai, wato a tsakiyar rani, ba a ƙarshen damina ba. A kankare tsohon yaɓen da ya saki. A kafa ragar waya irin ta kejin kaji da dogayen ƙusoshi domin simintin ya sami abin kamawa. Kwaɓin kuma kada ya yi ƙarfi irin na bulo, domin gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon saurin rabuwarsa da ƙasa. Ni abin da na fi so shi ne a zuba siminti kaɗan a cikin ƙasar yaɓen kanta, kamar kwano 1 a cikin kwano 12 zuwa 15 na ƙasa mai yashi-yashi, maimakon a yi wa bangon riga ta siminti zalla. Amma ƙasa ta bambanta daga gari zuwa gari, har daga wannan rami zuwa wancan, kuma mai yumɓu da yawa ba ta karɓar siminti yadda mai yashi take karɓa. Saboda haka a gwada a wuri kaɗan, kamar faɗin tabarma, a bar shi ya ga damina ɗaya, sannan a yanke shawara.

Sharaɗin ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi ƙi ji: ko ka sa simintin ba ka huta ba. Kowace shekara sai ka zagaya kana ƙwanƙwasa bangon da ƙotar fartanya, inda duk ka ji yana amsawa kamar fanko, to ya rabu da ƙasa, sai a fasa wurin a duba. Idan kuma saman bangon, wato rawani, bai rufu da kyau ba, ruwa zai shiga ta sama ya gangara tsakanin siminti da ƙasa, wanda ya fi a ce ba a shafa komai ba muni. Wanda ya san ba zai iya wannan bibiya ba, ya tsaya a kan yaɓen ƙasa, domin shi aibinsa a fili yake, yana nuna maka inda yake ciwo. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, da ƙasa take tsaye har yau, kuma itatuwan nan da suka fito daga jikinta su ne matakan masu hawa su sabunta mata yaɓe. Waɗanda suka gina ta sun san aikin ba na rana ɗaya ba ne, suka tanadi hanyar komawa.

Tambaya: Mene ne makuba?

Amsa: Abin kunya ne ɗan ƙauye ya yi wannan tambaya. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa ko a dafa, ruwan ya yi ja-ja mai duhu, a kwaɓa yaɓe da shi ko a yayyafa wa daɓe, yana sa ƙasa ta yi tauri ta rage shan ruwa.

Tambaya: Me ya sa yaɓen da na yi ya tsattsage tun bai yi mako ba?

Amsa: Kada hankalinka ya tashi, kowa da haka ya fara. Ɗaya daga cikin uku ne ya faru: ko ƙasar ta cika yumɓu ba ka ƙara mata yashi da ciyawar ramno ba, ko ka kwaɓa ka shafa a rana ɗaya, ko kuwa ka lafta shi da kauri iskar hunturu ta busar da shi da gaggawa. Magina na da sukan kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin doki, su tattake ta da ƙafa, su bar ta kwanaki tana ruɓa ana ƙara mata ruwa, sannan su taɓa bango. Ka yayyafa wa tsohon bangon ruwa kafin ka ɗora sabo, ka yi shafi biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, ka kuma yi aikin da sassafe ko da yamma. Idan kana kusa da marina da majema, ka nemi laso domin rufi, wato haɗin katsi (abin da ke kwanciya a ƙasan ramin rini) da gashin jima da ruwan tsiron dafara, wanda da shi ake shafe ramin rini har ya riƙe ruwa.

Tambaya: Akwai tsaga a bangon ɗakina, zai faɗi ne?

Amsa: Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Ka shafa ɗan kwaɓi a kanta ka rubuta ranar. Idan bayan wata guda bai tsage ba, cikewa kawai take so. Idan ya sake buɗewa, ko tsagar ta taso a karkace daga kusurwar ƙofa, ko bangon ya fara yin ciki, to ka fitar da iyali daga ɗakin a ranar, ka kira magini. Ban yarda a kwana ana shawara a kan wannan ba.

Tambaya: Yaya zan yi da gara?

Amsa: Ka daina jingina kara da itacen girki da zana a jikin bango. Ka bi hanyoyinta na ƙasa ka karkare su duk mako, ka nemi shurin da take fitowa. Azarar giginya, musamman ta namiji, gara ba ta cika cin ta ba, amma ƙyaure da tagogin katako abincinta ne, a riƙa duba su. Ina kuma roƙonku da girman Allah, ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhun hatsi kada a ajiye ta a ɗakin da ke manne da na kwana, domin iskar da take fitarwa tana kisa, kuma ba ta buƙatar babbar kafa kafin ta ratsa.

Tambaya: In shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙasar rufi?

Amsa: Tana tare yoyo shekara ɗaya ko biyu. Ranar da ta huje, ruwan da ya shiga ba ya bushewa, sai ya ruɓar da azara a ɓoye. Gyaran gangare da indararo ya fi ta.

Tambaya: Ni mace ce, maigida ya bar mini adon ɗaki. Me zan iya yi da hannuna ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Amsa: Madalla, Hajiya, yanzu aka zo wurin da nake jin daɗin magana, muddin an gama da rufi. A cikin ɗaki farar ƙasa ta fi komai, tana haskaka soro mai duhu, ba ta toshe bango, kuma sabunta ta aikin yini ɗaya ne. Ki guji fentin mai, domin yana kumbura ya saɓule a kan ƙasa kamar yadda siminti yake yi. Daga ƙasa zuwa kamar tsawon gwiwa ki shafa jar ƙasa, wadda ke ɓoye dattin ƙafa da na tsintsiya. Daɓe kuwa dama aikin mata ne tun asali: a baza tsakuwa da marmara, a yayyafa ruwa, a taru da madaɓai a yi ta bugu har ya kwanta, sannan a bi shi da makuba. Daɓen da aka yi da kyau yana ƙyalli, yana da sanyi a tafin ƙafa, kuma inda ya fashe ana iya cike shi ba tare da an tayar da ɗakin duka ba, abin da tayil ba ya yarda da shi.

Kayan jere ma ba sai an je birni ba. Faifan da aka saƙa da launi, da ƙwarya mai zane, da tabarmar kaba, da asabari a bakin ƙofa, sun fi dacewa da bangon ƙasa fiye da labulen roba. Amma kada ki riƙa buga ƙananan ƙusoshi ko'ina, domin ba sa kamawa, sai dai su ɓare yaɓe. A dasa turakun itace masu tsawo tun lokacin yaɓe, ko a rataya ragaya a jikin azara. Idan akwai tsohon alkuki a bango, kada ki bari a toshe shi, ki share shi ki sa fitila mai caji a ciki.

Tambaya: Zanen dagi a fuskar zaure fa, sai an ɗauko gwani?

Amsa: Ƙarami kana iya yi da yatsunka tun yaɓe yana ɗanye, ka fara gwadawa a bangon bayan gida. Mai tudu wanda ake ginawa a jikin bango, da zankwaye, a bar wa mai sana'a.

Tambaya: Wane aiki ne ba zan taɓa da kaina ba?

Amsa: Canjin azara, da duk abin da ya shafi bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan mai kama da baka da ke ɗauke da rufin soro, da fasa sabuwar ƙofa ko taga a bangon da ke ɗauke da rufi. Azara ɗaya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina suke jera ta hawa-hawa suna ɗaurewa, kuma wanda bai san yadda aka ɗaure ba, idan ya zare ɗaya yana iya sauko da rufin duka a kansa. Bakunan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu ilimi ne da ake gado, ba abin da ake koya a yini ɗaya ba. Ka nemi tsohon magini a garinku ta hannun Sarkin Magina idan akwai shi, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki mai wulaƙanci ba, ka kuma sa yaranka su tsaya kusa da shi suna miƙa ƙasa.

Tambaya: A birni nake zaune, sai da sallah nake zuwa. In kulle gidan?

Amsa: Kada ka kulle. Ka sa wani ɗan'uwa ko mai tsaron gona ya zauna a ciki ko da kyauta ne, da sharaɗin ya riƙa buɗe ƙofofi iska ta shiga, ya hau rufi bayan kowane ruwa mai ƙarfi, ya kuma kira ka a ranar da ya ga ɗigo na farko a ƙasan ɗaki. Ka bar masa tsani, da buhu biyu na makuba, da tulin ƙasar yaɓe a lulluɓe a bayan rumbu.