Yadda Tallafin Gwamnati Ke Isa Ga 'Yan Kwana-kwanan Sa-kai A Karkarar Amurka

A ƙauyukan Amurka, idan gobara ta tashi, wanda zai zo da motar kashe wuta sau da yawa manomi ne ko makaniki, kuma babu albashin da yake karɓa a kan wannan aiki. Fiye da rabin 'yan kwana-kwanan ƙasar 'yan sa-kai ne. Saboda irinsu gwamnatin tarayya ta keɓe wani tallafi a ƙarƙashin dokar haɗin gwiwa kan kula da gandun daji ta 1978.

Kuɗin yana fitowa ne daga Hukumar Gandun Daji da ke Ma'aikatar Aikin Gona, amma ba ya faɗawa hannun ƙauye kai tsaye. Jihohi ake ba, hukumar gandun daji ta kowace jiha ita ke karɓar takardun nema, ta tantance, ta raba. Babban sharaɗi shi ne jama'ar da tawagar 'yan kwana-kwanan ke yi wa aiki kada su wuce mutum 10,000. Ana kashe kuɗin wajen horo, da kafa sabuwar tawaga, da sayen kayan tunkarar gobarar daji: tufafin da wuta ba ta saurin ci, kwalkwali, tiyo, famfo da rediyon oba-oba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. Tallafin rabi-da-rabi ne, kuma a yawancin jihohi sai an kashe ake maidawa. A ce tawaga ta sami amincewar sayen kayan dala 8,000. Ita za ta fitar da kuɗin gaba ɗaya, ta aika rasit da shaidar cewa ta biya, sannan a dawo mata da dala 4,000. Abin da aka saya kafin ranar amincewa ba ya shiga lissafi, komai buƙatarsa. Ba a kuma yarda a cike rabin kuɗin da ke kan tawagar da wani kuɗin gwamnatin tarayya ba. Wasu jihohin sukan karɓi sa'o'in aikin 'yan sa-kai a madadin tsabar kuɗi, muddin an rubuta suna da rana da sa'a. Takardun duka a adana su aƙalla shekara uku, don masu binciken kuɗi na iya nema.

A ganina tsarin yana da hujja, domin dukiyar jama'a ce, kuma wanda ya sa nasa ba ya sayen abin da ba ya buƙata. Sai dai nauyin ya fi faɗawa kan mafi talauci. Tawagar da ke tara kuɗinta da sayar da abinci a taron gari, ba kullum take da dubbai a asusu da za ta jira a maido mata ba, kuma shugabanta sai ya tashi daga aikin da yake ci da iyali sannan ya zauna cike fom da dare. Jihar da ta gaggauta biya, ta kuma sa jami'in da zai bi ƙananan tawagogi da bayani, ita ce kuɗinta ke kaiwa ƙauyukan da aka yi dokar dominsu.