Dafin halittun teku a tsibiran murjani: kowane rauni da taimakonsa

Wanda bai saba da teku ba, da an ambaci tsibirin murjani sai tsoron kifin shak ya kama shi. Amma yawancin waɗanda ake kaiwa asibiti a irin waɗannan wurare wani abu suka taka, ko suka ɗauka da hannu. Abin da kan ƙara dagula lamarin shi ne taimakon farko da aka yi a karkace, domin dafin ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke sauƙaƙa wannan yana iya tsananta wancan.

Mu fara da masu ƙaya. Kifin dutse yakan lafe a ruwa marar zurfi, kamarsa ɗaya da dutsen da gansakuka ta rufe. Yana da ƙaya 13 a gadon bayansa, kuma suna huda takalmi mai laushin tafi. Idan ya soki mutum, a fito da shi daga ruwa, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi mai digiri 40 zuwa 45 na tsawon minti 30 zuwa 90, ana ƙara mai zafi idan ya huce. Mai taimako ya fara gwada ruwan da hannunsa, saboda wanda azaba ta gigita ba ya gane ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai a tashi da ƙuna a kan rauni. Kada a ɗaure wurin, ɗauri yana tara dafin wuri guda ya ƙara raɗaɗi. Akwai allurar karya wannan dafi, don haka asibiti dole ne.

Haka ake yi wa sukar sitinre, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, ƙayarsa na wutsiya. Ku riƙa jan ƙafa a ƙasa idan kuna tafiya cikin ruwa, zai ji motsi ya gudu. Idan ƙayar ta shiga ƙirji ko ciki, kada a zare ta. Irin wannan sukar ce ta kashe Steve Irwin, mai shirin namun daji a talabijin, a Ostareliya a 2006.

Ƙayar bushiyar teku kuwa kakkaryewa take yi cikin fata. A cire ta waje da matsefata, a bar tono. Wadda ta shige kusa da gaɓa aikin likita ce.

Jelifish, halittar nan mai laushin jiki da dogayen zare masu harbi, nasa daban ne, a nan kuma aka fi yin kuskure. Mafi haɗari shi ne mai siffar akwati, wanda zarensa kan kai mita 3. Zaren da ya manne a fata cike yake da ƙananan allurai da ba su riga sun harba ba. Ruwan sha yana tayar da su, gogewa da yashi ko tawul ma haka, fitsarin da wasu ke yabawa kuwa ba ya tsinana komai. Ruwan khal ake kwararawa, aƙalla daƙiƙa 30, sannan a tsince zaren. Khal ba ya kashe zafi, hana sauran allurai harbi yake yi, saboda haka kada a ce bai yi aiki ba don mutum na kuka. In babu shi, a wanke da ruwan teku. A sa ido kan numfashi: babban harbi na iya tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci, sai a fara danna ƙirji nan take. Akwai kuma ɗan ƙarami, irukanji, wanda harbinsa ba ya nuna komai da farko. Bayan kamar rabin awa sai ciwon baya, amai, gumi da hawan jini su taso.

Kashi na uku su ne masu shanye jiki: dodon koɗi mai kwanso kamar mazurari, ɗan oktofus (halitta mai hannuwa takwas) mai shuɗin zobba, da macijin teku. Kyawun kwanson ne ke yaudarar yara su sa shi a aljihu alhali dabbar na ciki. Cizon oktofus ɗin ma sau da yawa ba a jin sa. A nan ɗauri shi ne magani: a naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji mai faɗi, da ƙarfin da ake ɗaure targaɗe, a sa katako, a ɗauki mutumin kada ya taka. Dafin dodon koɗin da na oktofus ba su da allurar karyawa. Idan numfashi ya tsaya, a ci gaba da hura masa iska har asibiti. Yana iya kasancewa yana jin duk abin da ake faɗa, motsi ne ya gagara.

Yankan murjani shi aka fi rainawa. Murjani abu ne mai rai, yana barin ɓurɓushi da ƙwayoyin cuta a ciwo. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a goge sosai har ɓurɓushin ya fita, a duba ko allurar tetanus ta wuce shekara 5. Idan ja ya fara yaɗuwa, ko kumburi, mugunya ko zazzaɓi suka biyo baya, a ga likita a ranar, musamman mai ciwon suga ko na hanta.